Lazzaro Spallanzani: Limamin cocin da ya buɗe ƙofar baye na zamani ga dabbobi

Duk inda likitan dabbobi ya buɗe tulun ruwan naitrojin, ya zaro siririn tsinke mai ɗauke da maniyyin bijimi domin ya ɗura wa saniya, to sawun wani mutumin Italiya yake bi, wanda ya rasu fiye da shekara 225 da suka wuce. Sunansa Lazzaro Spallanzani, limamin cocin Katolika kuma malamin jami'a. Shi ne mutum na farko da tarihi ya tabbatar a rubuce cewa ya sa dabba mai shayarwa ta ɗauki ciki ba tare da namiji ya kusance ta ba. A shekarar 1780 ya yi wannan gwaji, dabbar kuwa karya ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihinsa shi ne, har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda da ainihin ma'anar abin da hannunsa ya gano ba. Fahimtarsa ta kauce, amma gwaje-gwajensa sun tsaya daram, domin ya rubuta kowane mataki dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa. A kan wannan rubutu ne na bayansa suka gina ilimin haihuwar dabbobi, wanda a yau Najeriya ke sa ran zai taimaka mata wajen inganta garkenta.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Spallanzani a watan Janairun 1729 a garin Scandiano da ke arewacin Italiya. Mahaifinsa lauya ne, kuma burinsa ɗan ya gaje shi. Yana ɗan shekara 15 aka kai shi makarantar limaman ɗariƙar Jesuit a birnin Reggio, inda ya ƙware a Latin da Girkanci. Daga nan ya wuce Jami'ar Bologna domin karatun shari'a.

A Bologna ne al'amarinsa ya juya. A jami'ar akwai wata 'yar uwarsa, Laura Bassi, wadda ke koyar da kimiyyar fizik a zamanin da mace ba ta ko samun gurbin karatu a yawancin jami'o'in Turai. Zama da ita ya sa zuciyarsa ta bar littattafan shari'a ta koma ga lissafi da nazarin halittu. Da ƙyar aka shawo kan mahaifinsa ya amince.

Bayan ya kammala, ya shiga sahun limaman coci, abin da ya ba shi rufin asiri da sararin yin bincike. Ya fara koyar da manɗiƙi da Girkanci a Reggio, ya koma Modena a 1763. A 1769 gwamnatin Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda ke mulkin yankin a lokacin, ta ba shi kujerar nazarin halittu a Jami'ar Pavia, tare da riƙon gidan adana samfuran halittu na jami'ar. A Pavia ya yi shekara 30, kuma a can ya yi ayyukan da suka fi fito da sunansa.

Rigimar romon nama

A wancan zamani manyan masana da dama sun yi imanin cewa ƙananan halittu kan tsiro da kansu daga abin da ya ruɓe, ba tare da iyaye ba. Wani limami ɗan Ingila, John Needham, da mashahurin masanin Faransa, Buffon, su ne a kan gaba wajen wannan ra'ayi. Needham ya tafasa romon nama, ya zuba a kwalba ya toshe da murfi, bayan 'yan kwanaki ya duba da madubin hangen ƙananan halittu ya tarar romon ya cika da su. Sai ya ce ga hujja.

Spallanzani bai tsaya jayayya da fatar baki ba. Ya maimaita gwajin, amma ya tafasa romon ya daɗe, sannan ya narkar da bakin kwalbar da wuta ya liƙe shi gaba ɗaya. Romon ya zauna tsaf, babu abin da ya tsiro a ciki. Waɗanda ya bari da murfi kawai kuwa suka lalace. A 1765 ya wallafa sakamakon, yana nuna cewa halittun daga waje suke shiga, ko kuma gajeriyar tafasa ce ba ta kashe su ba. Needham ya kafe cewa doguwar tafasa ce ta ɓata iskar cikin kwalbar, kuma rigimar ba ta mutu ba sai da Louis Pasteur ya yanke ta kusan shekara 100 bayan haka. Wannan ƙa'ida ta tafasawa da liƙewa ita ce tushen adana abinci a gwangwani, daga madara har tumatir.

Tun daga nan halinsa ya bayyana: ba ya karɓar magana don girman mai faɗinta, kuma duk gwajin da zai yi sai ya ajiye wani a gefe wanda bai taɓa ba, domin ya sami abin kwatantawa. A 1768 ya wallafa bincike kan yadda wasu halittu ke mayar da gaɓar da aka yanke musu, har da dodon koɗi da ke sake tsirar da kai. A shekarar ce Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Ingila ta karɓe shi cikin mambobinta. Da ya koma kan narkewar abinci, sai ya riƙa haɗiye ƙananan jakunkunan yadi masu ɗauke da nama ko burodi, ya jira su fito ya duba, har ya tabbatar da cewa ruwan da ciki ke fitarwa ne ke narkar da abinci, ba niƙa kawai ba.

Kwaɗi masu ɗan kamfai

Tambayar da ta fi cin ransa ita ce yadda sabon rai ke somawa. Tun 1677 wani ɗan ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya ga ƙananan ƙwayoyi masu wutsiya suna iyo a cikin maniyyi, ya kuma gan su a na kare. Amma shekara 100 bayan haka babu wanda ya san aikinsu. Wasu na cewa ɗa yana dunƙule a cikinsu. Wasu na cewa a ƙwan mace yake, kuma wani tururi ne da ke tashi daga maniyyi ke tayar da shi.

Spallanzani ya zaɓi kwaɗi, domin su a waje, cikin ruwa, ƙwan macen ke haɗuwa da ruwan namiji, ido na iya gani. Ya ɗauko wata dabara da Bafaranshe Réaumur ya taɓa gwadawa bai yi nasara ba: ya ɗinka wa mazan kwaɗi ɗan kamfai na yadi mai kakin zuma, ya sake su cikin mata. Suka rungume su kamar yadda suka saba, matan suka zuba ƙwai, amma ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Sai ya tattara ɗigon ruwan da ya taru cikin kamfan, ya shafa wa wasu ƙwai da hannunsa, suka fito da 'ya'yan kwaɗi. 

Bai tsaya nan ba. Ya ajiye ƙwai dab da maniyyi cikin rufaffen gilashi ba tare da sun taɓa juna ba, babu abin da ya faru, da haka ya rushe batun tururi. Ya tsarma ɗigo kaɗan cikin ruwa mai yawa, ya ga har yanzu yana aiki. Ya gwada haɗa jinsin da ba ɗaya ba, ya ga abin ba ya yiwuwa. Tun kafin wannan, a littafin da ya fitar a 1776, ya rubuta cewa idan aka sanyaya maniyyi da dusar ƙanƙara ƙwayoyin kan daina motsi, idan aka ɗumama su kuma sai su farfaɗo. Waɗannan abubuwa biyu, tsarmawa da sanyayawa, su ne ginshiƙan sana'ar baye na zamani har gobe.

Gwajin 1780

Nasarar da ya samu a kan kwaɗi ta sa ya tambayi kansa ko hakan zai yiwu ga dabbar da ke rainon ɗa a mahaifa. Ya sami wata karya matsakaiciya wadda ta taɓa haihuwa, ya kulle ta a ɗaki, ya riƙe mabuɗin a hannunsa, shi da kansa yake kai mata abinci, don kada wani ya ce kare ya kai gare ta a ɓoye.

A rana ta 13 alamun neman barbara suka bayyana gare ta. Bai yi gaggawa ba. Ya ci gaba da lura har rana ta 23, lokacin da ya ga ta kai matuƙar shiri. Sannan ya karɓi maniyyin wani matashin kare irin jinsinta, ya ɗumama sirinji daidai da ɗumin jiki, ya ɗura mata. Bayan kwana 2 alamun suka ɗauke. Bayan kwana 20 ciki ya fito. Kwana 62 da yin ɗurin, karyar ta haifi 'yan kwikwiyo 3 masu rai, maza 2 da mace 1, waɗanda suka ɗauko kamannin uwar da na karen da bai taɓa ganin ta ba. A 1782 wani malami a Pisa, Pietro Rossi, ya bi matakan da ya rubuta, shi ma ya dace.

Wanda ya san jikin kare zai gane cewa haƙurin da ya yi ne ya cece shi. Karya ba kamar saniya ba ce. Yawanci sau 2 kawai take neman barbara a shekara, kuma kwanakin farko da jini ke fita ba su ne lokacin ɗaukar ciki ba. Ƙari a kan haka, ƙwan da take saki ɗanye ne, sai ya ƙara kwana 2 zuwa 3 kafin ya nuna, saɓanin yawancin dabbobin gida. Da Spallanzani ya yi ɗurin a rana ta 13, da wuya a sami komai. Bai san dalilin ba, amma idonsa ya kai shi ga lokacin da ya dace.

Inda fahimtarsa ta kauce

Spallanzani yana cikin masu ra'ayin cewa ɗa a shirye yake cikin ƙwan mace tun asali, aikin namiji kawai ya zaburar da shi. Ƙwayoyin nan masu wutsiya kuwa ya ɗauke su tamkar tsutsotsi da ke zaune a jikin namiji, ba ruwansu da haihuwa.

Alhali gwajinsa da kansa ya ƙaryata shi. Ya tace maniyyin kwaɗi da takardar tacewa, ya ga duk lokacin da ya ƙara yawan takardun ƙarfin ruwan yana raguwa, har ya daina aiki. Da ya wanko abin da ya maƙale a jikin takardar ya zuba wa ƙwai, sai suka ƙyanƙyashe. Amsa ta zo har tafin hannunsa, amma ra'ayin da ya riga ya zauna masa a zuciya ya hana shi ganin ta. Ya rubuta abin da ya gani da gaskiya, ya fassara shi ba daidai ba.

Sai a 1824 Jean-Louis Prévost da Jean-Baptiste Dumas suka sake irin wannan tacewa a Janeba, suka ce ƙwayoyin ne ke yin aikin. A 1827 Karl Ernst von Baer ya ga ƙwan dabba mai shayarwa a karon farko, shi ma a jikin karya. Wajen 1876 Bajamushe Oscar Hertwig ya ga yadda ƙwayar namiji ke haɗewa da ƙwan mace su zama abu ɗaya.

Ƙazafi, jemagu da ƙarshen rayuwa

Spallanzani mutum ne mai kaifin harshe, ba ya raga wa abokin jayayya, kuma wannan ya tara masa maƙiya. A 1785 ya tafi Santambul, inda ya shafe kusan shekara guda yana tattara duwatsu da halittun ruwa. Yana can wasu abokan aikinsa a Pavia suka baza zargin cewa ya kwashe kayan gidan adana samfuran jami'a ya kai gidansu a Scandiano. Hukuma ta kafa bincike, a 1787 aka wanke shi sarai, aka sallami jami'in da ya tsara zargin, aka ja kunnen malaman da suka mara masa baya.

A 1788 ya zagaya duwatsu masu aman wuta na kudancin Italiya, ya hau Vesuvius da Etna yana ɗan shekara 59. Wajen 1793 ya koma kan jemagu, ya gano cewa ko an hana su gani suna tashi cikin duhu ba tare da karo da komai ba. Wani masani a Janeba, Louis Jurine, ya nuna cewa idan aka toshe musu kunne sai su rikice, Spallanzani ya gwada ya tabbatar. Sai bayan kusan shekara 150 aka gane cewa amsa-kuwwar wani siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji suke bi.

Ya rasu a Pavia a watan Fabrairun 1799, yana da shekara 70, bayan fama da ciwon mafitsara. Pasteur, wanda ya ɗauke shi a matsayin jagora, ya sa an zana hotonsa ya rataya a gidansa. Babbar cibiyar cututtuka masu yaɗuwa ta birnin Rum tana ɗauke da sunansa.

Waɗanda suka ɗora a kan aikinsa

Kusan shekara 100 gwajin karyar ya zauna a matsayin abin al'ajabi kawai. A ƙarshen ƙarni na 19 ne aka waiwaye shi. A Ingila, Walter Heape ya yi rubutu kan ɗura wa karnuka maniyyi a 1897, a 1900 kuma ya rarraba matakan da macen dabba ke bi daga wannan neman barbara zuwa wancan, da sunayen da likitocin dabbobi ke amfani da su har yau. A Rasha, Ilya Ivanov ya fara daga 1899, ya fitar da dabarar daga ɗakin bincike ya kai ta ga dawaki, daga baya ta bazu zuwa tumaki da shanu. A 1914 Giuseppe Amantea ya ƙera na'urar farko ta karɓar maniyyi a Rum, shi ma da kare ya soma.

Manoman Denmak sun kafa ƙungiyar gama-kai ta farko don baye na zamani a 1936, Amurka ta bi sahu a 1938. A 1937 Telesforo Bonadonna ya buɗe cibiyar bincike kan wannan fanni a Milan, ya sa mata sunan Spallanzani. Babban sauyi ya zo a 1949, lokacin da Christopher Polge da Audrey Smith da Alan Parkes suka gano a Landan cewa sinadarin gilisarol yana kare ƙwayoyin maniyyi daga mutuwa idan aka daskarar da su. Abin da Spallanzani ya hango cikin dusar ƙanƙara ya tabbata. A yau ana ajiye maniyyi cikin ruwan naitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ya yi shekaru bai lalace ba. Bijimin da a garke ba zai wuce 'yan gomomin shanu a shekara ba, abin da aka karɓa daga gare shi sau ɗaya ana iya raba shi tsinke ɗaruruwa.

Kare kuwa, wanda da shi aka fara, shi ya fi ba masana wahala saboda ɗanyen ƙwan nan. An sami 'yan kwikwiyon farko daga daskararren maniyyi a 1969, amma sai a 2015 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka samar da 'yan kwikwiyo 7 daga ƙwan da aka haɗa a ɗakin bincike.

Abin da ya shafi garken Najeriya

Mazaunin Kubwa da ya tsaya wurin mai shayi da safe, galibi madarar gari ko ta gwangwani ake zuba masa, wadda tushenta daga ƙasashen waje yake. Alhali kasuwar dabbobi ta Dei-Dei tana maƙwabtaka da shi, kuma matan Fulani na shigowa unguwanni da ƙwaryar nono kullum. Hukumomi sun sha bayyana cewa ƙasar nan na kashe fiye da dala biliyan 1 a shekara wajen shigo da madara. Dalilin a fili yake: saniyar Bunaji a kiwon gargajiya lita 1 zuwa 2 ake tatsa a rana, sau da yawa ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara 4 ko 5, kuma tazarar haihuwarta kan kai kusan shekara 2. Saniyar Holstein a Turai tana ba da lita 25 ko fiye.

Neman cike wannan giɓi ba yau aka fara ba. Gonar dabbobi ta Shika da ke kusa da Zariya, wadda aka kafa a 1928, ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a 1976 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can da kuma Vom an daɗe ana haɗa jinin Friesian da na Bunaji. A Nijar, tashar Tukunus ta mayar da hankali kan zaɓo nagartattun shanun Azawak. Kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya a 2024 ya sake tayar da maganar baye na zamani a Abuja da jihohi.

Sai dai duk abin da ke sa wannan aiki ya ci nasara ko ya faɗi yana cikin gwajin 1780. Na farko, lokaci. Saniya kan nemi sa kusan kowane kwana 21, amma na 'yan sa'o'i ne, kuma a shanunmu masu tozo alamun gajeru ne, sukan zo da dare. Idan makiyayi bai lura ba, ko jami'in ya iso a makare, an yi asarar tsinke da mako 3. Na biyu, zafi da sanyi. Spallanzani ya ɗumama sirinjinsa. Jami'in yau dole ya tabbatar tulunsa bai ƙafe ba a kan doguwar hanya, domin maniyyin da ya narke ya sake daskarewa ya tashi daga aiki. Na uku, killacewa. Saniyar da aka ɗura wa maniyyi ta koma cikin garken da bijimai ke yawo, babu mai iya rantsuwa kan uban maraƙin. Na huɗu, rubutu. In ba a rubuta ranar ɗuri da sunan bijimi da yawan nonon 'yarsa ba, ba za a taɓa sanin wane jini ne ya karɓi ƙasar ba.

Akwai kuma darasi a cikin kuskurensa. Ra'ayin cewa duk saniyar Turai ta fi ta gida zai iya rufe ido kamar yadda nasa ra'ayin ya rufe masa. Saniyar da aka saba da sanyin Holan ba ta jure zafin watan Afrilu, da kaska, da sammore, da ƙarancin ciyawar rani kamar yadda Bunaji da Rahaji da Bokoloji ke jurewa. Ƙarsanar da ba ta ƙoshi ba kuwa, ko maniyyin wane bijimi aka kawo mata, ba za ta riƙe ciki ba. Baye na zamani hanya ce ta yaɗa nagartaccen jini da sauri, kuma da irin wannan saurin take yaɗa wanda bai dace ba. Ana iya amfani da ita wajen shigo da jinin waje bisa ƙima, ana kuma iya amfani da ita wajen yaɗa mafi kyawun bijiman gida, waɗanda aka gwada lafiyarsu aka san tarihin iyayensu.

Spallanzani bai taɓa kiwon saniya ba, kuma bai yi gwajinsa don nono ko nama ba. Tambaya ce ta dame shi, ya bi ta da haƙuri, ya rubuta abin da ya gani ko da ya saɓa wa abin da yake so. Wannan ne ya sa kuskurensa ya mutu tare da zamaninsa, aikinsa kuma ya kai har rugagen da bai taɓa jin sunansu ba.